Sarkin Kano Muhammadu Rumfa Da Gidan Da Ya Bari

Wannan labarin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ne, ɗan Sarki Yakubu, jikan Sarki Abdullahi Burja, Allah Ya jiƙansu baki ɗaya. Shi ne na 20 cikin jerin sarakunan Kano in an soma ƙirga daga Bagauda. Ya hau gadon sarauta cikin shekarar 1463 ta Miladiyya, watau 867 ta Hijira, ya yi shekara 37 bisa lissafin wata, ya rasu cikin 1499. Zamaninsa ya riga zuwan masu ɗaukar hoto Kano da shekara wajen 400, saboda haka babu mai iya nuna wa jama'a kamannin fuskarsa. Wanda ke son saninsa sai ya bi abin da ya gina, da al'adun da ya kafa, da ɗan abin da malamai suka rubuta. Abin mamaki kuwa, gidan da ya zauna ciki tun yana ɗan sarki shi ne yau a ke ajiye hotunan waɗansu sarakuna da kayayyakin mutanen Kano na dā.

Yawancin abin da aka sani game da shi daga littafin tarihin sarakunan Kano ya fito, wanda aka rubuta da Larabci, ya tsaya a kan Sarki Muhammadu Bello a ƙarshen ƙarni na 19. Wani Bature, Mista Palmer, ya juya shi da Ingilishi cikin 1908, daga baya aka buga shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Mai littafin nan ba mai yawan yabo ba ne, waɗansu sarakuna layi biyu ko uku kaɗai ya ba su ya wuce. Amma da ya zo kan Rumfa sai ya zauna ya lasafta ayyukansa ɗaya bayan ɗaya, ya nuna cewa tun da aka kafa Kano ba a yi kamarsa ba wajen ƙasaita.

Kanon da Rumfa ya tashi ciki gari ne da ya soma cika da baƙi. A zamanin kakansa aka buɗe hanyar fatauci daga Barno zuwa Gwanja, ƙasar goro. A zamanin ubansa Filani suka zo daga Mali da littattafan tauhidi da na lugga, Azbinawa suka kawo gishiri har ya wadata, Barebari da Larabawa suka yi ta shigowa suna zama. Tsohon gari kuwa yana kewaye da dutsen Dala, inda masu tsafi ke da sauran ƙarfi, ganuwar da aka soma tun zamanin Sarki Gijimasu ta fara yi wa mutane kaɗan. Kanawa sun riƙe cewa Rumfa ya yi sarautar Makama kafin ya zama sarki, kuma a lokacin nan ne aka gina masa gida can kudu da tsohon gari. Shi ne Gidan Makama.

To, da sarauta ta zo masa bai koma gindin Dala ya zauna inda iyayensa suka zauna ba. Sai ya ja gari zuwa inda ya ke. Ya ƙara ganuwa ta wajen kudu, ta bi ta Ƙofar Mata, ta kewayo ta Ƙofar Na'isa har ta haɗu da tsohuwa wajen Kansakali. Cikin sabon filin da ganuwar ta rufe ya gina fada, wadda har yau a ke kira Gidan Rumfa, faɗinta eka talatin da 'yan kai. An ce a Gidan Makama ya ci gaba da zama yana duba aiki har magina suka gama, sa'an nan ya tare. Mai hankali ya ga dabarar da ke ciki. Sarkin da ya zauna a tsakiyar tsofaffin gidaje, dole ya saurari tsofaffin masu gari. Wanda ya yi sabon wuri kuwa, shi ke zaɓen wanda zai zauna kusa da shi.

Ya kuma kafa Kasuwar Kurmi a bakin Jakara, tsakanin tsohon gari da sabo, domin fatake su sami wuri guda na saye da sayarwa, sarki kuma ya san abin da ke shiga da abin da ke fita. Tana ci har gobe. Masu rini na Ƙofar Mata su ma suna cewa tun 1498 a ke aiki a karofinsu, watau shekara guda kafin rasuwarsa.

Babban baƙon zamaninsa shi ne Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili, mutumin Tilimsan ta ƙasar Aljeriya, wanda ya iso Kano wajen 1492 ya kawo littattafai. Shi ya umurci sarki ya gina masallacin Jumma'a, ya sare itacen da a ke yi wa tsafi, ya tsai da hasumiya a gurbinsa. Rumfa ya yi. Ba ƙaramin abu ba ne wannan, domin Musulunci ya shigo fadar Kano tun zamanin Sarki Yaji, shekara fiye da ɗari kafin nan, amma tsafi bai gushe yana da mazauni cikin birni ba. A zamanin Rumfa ne kuma aka soma fita Sallar Idi a fili, sarki da talakawa wuri ɗaya. Da Almagili zai tashi ya bar ɗansa a Kano, wanda a ke kira Sidi Fari, zuriyarsa ce Sharifan birni. Shi kuwa ya wuce har Gawo wurin Askiya Muhammadu, daga baya ya koma Tuwat, can ya rasu.

Abin da Almagili ya bari mafi daraja shi ne littafin da ya rubuta wa sarki, Tajuddini, a kan abin da ya wajaba bisa sarakuna. Babi takwas ne. Ya yi magana a kan kyautata niyya, da kwarjinin sarki cikin tufafinsa da zamansa, da naɗa ma'aikata masu amana, da yin hattara a gida da daji, da binciken abin da ke ɓoye, da adalci cikin hukunci, da inda ya halatta a karɓi dukiya da inda ya kamata a kashe ta. Gargaɗi ɗaya ya yi ta maimaitawa cikin littafin, kada sarki ya ɓoye kansa ga talakawansa, domin daga nan ɓarna ke somawa.

Mai karatu ya lura da wanda aka yi wa wannan gargaɗi. Rumfa ne sarkin da ya fara kakaki, da figini, da takalman gashin jimina, da dawakan zage. Shi ya fara kulle. Shi ya kafa Tara ta Kano, manyan 'yan majalisa tara da ke riƙe da al'amuran ƙasa tare da shi. Shi ya soma ba bābānni sarautu masu nauyi, irin su Ma'aji da Sarkin Bai da Sarkin Ƙofa, domin ba su da 'ya'yan da za su tara wa, ba su da dangin da za su jingina da su sai sarki. Duk waɗannan sun ƙara wa sarauta kwarjini, sun kuma tsare ta daga 'yan'uwa masu kwaɗayi. Amma kowane ɗaya daga cikinsu zaure ne da aka ƙara tsakanin sarki da mai ƙara. Da wuya a ce malamin bai ga haka da idonsa ba sa'ad da ya ɗauki alƙalami.

Akwai kuma abin da ba ya yabuwa, mai littafin tarihi bai ɓoye shi ba. Ya ce Rumfa ne ya fara tara mata dubu a gidansa, ya kuma fara kame, watau a aika a ɗebo 'yan mata daga gidajen Indabawa a kawo fada. Tun da shari'a ba ta yarda da aure fiye da huɗu ba, sauran sai dai ƙwaraƙwarai da kuyangi. Sunayensu ba su shiga littafi ba, haka kuma sunayen bayin da suka kwaɓa ƙasa suka ɗora tubalin ganuwa. Mace ɗaya ce ta gidan aka san labarinta sosai, ita ce Hauwa, uwar Abdullahi wanda ya gaje shi, kakar Sarki Muhammadu Kisoki. Ta rayu ta yi ƙarfi cikin al'amuran sarauta har zamanin jikanta.

Wajen yaƙi bai yi abin faɗa da yawa ba. Ya kara da Katsina shekara 11, babu wanda ya rinjayi wani.

Zuriyarsa da waɗanda suka biyo bayansu sun zauna Gidan Rumfa shekara wajen 300, har jihadi ya zo aka kori Sarki Alwali a farkon ƙarni na 19. A nan ne aka ga nauyin gidan. Da aka naɗa Malam Sulaimanu Sarkin Kano na farko cikin Filani, waɗansu manyan jama'a suka ƙi yarda ya shiga, suna tsoron kada 'ya'yan da za a haifa a ciki su ɗauki halin waɗanda aka kora. Sai da ya nemi izni wurin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Shehu ya ba shi takobi da wuƙa, ya yarje masa, sa'an nan ya tare. Su kuwa malaman jihadi, littattafan da aka rubuta wa Rumfa suna cikin abin da suka dogara da shi. Shehu ya kawo wasiƙar Almagili zuwa ga Sarkin Kano cikin Tanbihul Ihwani, Malam Abdullahi na Gwandu kuma ya ɗebi da yawa daga Tajuddini cikin Liya'us Sultani. An kawar da zuriyar mutum, aka riƙe gidansa da kakakinsa da nasihar malaminsa.

Cikin watan Fabrairu na 1903 Turawa suka ci Kano, Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Suka mai da Gidan Makama wurin aikinsu na ɗan lokaci. Daga baya aka raba gidan uku, wani sashi ya zama makaranta, wani ya zauna gidan mai sarautar Makama, na ukun kuwa aka keɓe shi. Cikin 1959 hukuma ta sa shi cikin gine-ginen tarihi da doka ta hana a rushe, sa'an nan ya zama gidan ajiye kayan tarihi.

Wanda ya shiga yau zai ratsa ɗakuna 11. Zai ga taswirar ganuwa da ƙofofinta, da tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni, da manyan tukwane da aka tono wajen Ƙofar Kabuga. Akwai kayan yaƙi, da kayan noma da na saƙa, da kayan kiɗa, da alluna da rubuce-rubucen malamai, har da ɗakin amarya da jerensa kamar yadda iyaye ke yi a dā. Akwai labarin Basasa, yaƙin da aka yi tsakanin Tukur da Yusufawa daga 1893, da hotunan sarakuna da na shugabannin ƙarni na 20. Mafi yawan kayan nan sun zo bayan Rumfa da nisa. Abin da ya ke nasa shi ne wurin da kansa, da irin ginin, bango mai kauri na tubali, da rufin azara, da bakan gizo da ke riƙe da soro ba tare da ginshiƙi ba. Sarkin da aka yi wa gargaɗi kada ya ɓuya, ga shi yau 'yan makaranta na shiga zaurensa jere-jere, malaminsu na gaba yana nuna musu kaya.

Hotunan ganuwa su ne suka fi kamata mutum ya tsaya a kansu. Waɗanda aka ɗauka farkon zuwan Turawa suna nuna bango mai tsawo, mahayi a gindinsa kamar ɗan tsako, ga badala a ciki inda maharba ke tsayawa, ga gwalalo a waje. Mai kallo in ya fito ya bi inda ganuwar ta bi, sai ya iske wani wuri tudu ne kawai, wani wuri an ɗebe ƙasar an yi gini da ita, wani wuri gidaje sun hau kai. Ginin ƙasa ba ya zama sai da yaɓe. A dā bayan damina a kan fito da jama'a, kowane yanki da sashin da zai gyara, shi ya sa ganuwar ta kai shekaru ɗaruruwa. Da aka daina tsoron mahara sai aka daina yaɓe, ruwan sama ya yi abin da mayaƙan Katsina suka kasa. Cikin 2007 aka rubuta ganuwar Kano cikin jerin wuraren da Nijeriya ke nema wa shiga kayan tarihin duniya. Cikin 2010 kuma aka rushe Ƙofar Na'isa domin a faɗaɗa hanya, aka gina sabuwa a wurin. Tsohuwar, wadda ke cikin ƙofofin da Rumfa ya buɗe, yanzu sai a hoto.

Masallacin Jumma'a da ke tsaye kusa da fada ginin zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne, ba na Rumfa ba. Ƙofar Kudu ta fada ita ma aikin Sarki Abdullahi Maje Karofi ne. Shi kansa Gidan Makama an sāke masa azara da yaɓe sau da yawa, har da wuya a nuna tubali guda a ce wannan hannun maginan Rumfa ne ya ɗora shi. Sunansa dai yana kan fada, yana kan wata babbar makarantar sakandare ta birni, ran Salla kuma in sarki ya fito a kan busa kakaki, dawakan zage suna gaba, masu figini suna gefe, a bi ta cikin filin da ya kewaye da ganuwa.