Victor Hess: Mutumin Da Ya Hau Sama Don Auna Ɓoyayyen Haske

Gabatarwa

Idan mutum ya tsaya a unguwarmu ta Congo-Russia a Jos ya hango jirgi can cikin gajimare, da wuya ya san cewa akwai wani ɓoyayyen haske da ke ratsa jikin jirgin da na mutanen ciki. Ido ba ya ganinsa, fata ba ta jin sa, amma idan ya yi yawa yana iya jawo ciwon daji. Masana kimiyya na kiran irin wannan haske radiyeshan. Wannan taƙaitaccen tarihi ne na mutumin da ya gano cewa akwai wanda ke zuwa daga sararin samaniya.

Haihuwarsa Da Karatunsa

An haifi Victor Franz Hess ranar 24 ga Yuni, 1883, a yankin Styria na ƙasar Ostiriya. Mahaifinsa mai kula da gandun dajin wani basarake ne. Ya yi karatu a birnin Graz, inda ya shiga jami'a a 1901 ya karanci Fiziks har ya sami digirin dakta. A 1910 ya fara aiki a Cibiyar Binciken Radiyam da ke Biyana, ƙarƙashin Stefan Meyer.

Tambayar Da Ta Dami Masana

A wancan lokaci an san cewa wasu duwatsu na fitar da radiyeshan. Mu mutanen Filato ba baƙi ba ne ga wannan, domin tarkacen da ake bari bayan an wanke kuza yana ɗauke da irin waɗannan ma'adinai. Saboda haka masana suka ɗauka duk radiyeshan da ke cikin iska daga ƙasa yake tasowa. In haka ne, ya kamata ya riƙa raguwa idan an yi sama. A 1910 Theodor Wulf ya auna a kan hasumiyar Eiffel ta Faransa, mai tsawon kusan mita 300, sai ya ga raguwar ba ta kai yadda aka zata ba.

Hess ya ga cewa gani ya kori ji. Tsakanin 1911 da 1913 ya yi ta hawa sama cikin kwandon da ke rataye a katon balan-balan, da dare da rana, riƙe da na'urorin awo. Ranar 17 ga Afrilu, 1912, ya tashi lokacin husufin rana. Wata ya rufe mafi yawan rana, amma awon bai ragu ba, abin da ya nuna masa ba rana ce babbar mafari ba.

Ranar 7 ga Agusta, 1912, ya tashi daga garin Aussig, ya kai sama da mita 5,000, inda sanyi ke da tsanani kuma numfashi ke wuya. Bayan kimanin awa shida ya sauka kusa da Balin. Awon ya ɗan ragu da farko, daga nan ya yi ta ƙaruwa har ya ninka na ƙasa fiye da sau biyu. Hess ya yanke cewa wannan haske daga sama yake shigowa.

Yabo Da Wahala

Ba kowa ya yarda nan take ba. Werner Kolhörster ya kai mita 9,300 a 1914 ya tabbatar da sakamakon, amma Robert Millikan na Amurka ya daɗe yana shakka kafin ya amince. Sai a 1936 aka ba Hess kyautar Nobel tare da Carl Anderson, shekara 24 bayan hawansa.

Aikin bai bar shi lafiya ba, domin ƙunar radiyam ta sa an yanke masa babban yatsa. A 1938 kuma, da 'yan Nazi suka mamaye Ostiriya, aka kore shi daga Jami'ar Graz. Matarsa 'yar asalin Yahudawa ce, don haka suka tsere Amurka, ya koyar a Jami'ar Fordham da ke New York. Ya rasu ranar 17 ga Disamba, 1964, yana da shekara 81.

Amfanin Aikinsa A Yau

Iskar da ta lulluɓe duniya kamar bargo take, tana tare mafi yawan wannan haske. Jos tana bisa tsayin kusan mita 1,200, don haka rabonmu ya ɗan fi na mutanen Legas. Jirgin fasinja kuwa yana tafiya tsakanin mita 10,000 da 12,000, ninki biyu na inda Hess ya kai. A 1996 Tarayyar Turai ta wajabta wa kamfanonin jirage ƙididdige abin da ma'aikatansu ke ɗauka, tare da kulawa ta musamman ga masu juna biyu.

Maganaɗisun duniya ma yana kare mu, kuma kariyar ta fi ƙarfi a tsakiyar duniya inda Nijeriya take. Alhajin da ya tashi daga Kano zuwa Jidda bai kai wanda ya bi ta ƙuryar arewacin duniya ɗauka ba. Abin da fasinja ke samu a tafiya ɗaya kaɗan ne. Matuƙa da masu hidima, waɗanda sama ta zama ofishinsu, su ne ake yi wa lissafi.

Kammalawa

Mai karatu, Hess bai tsaya musu a ƙasa ba, ya ɗauki na'urarsa ya je inda amsar take. Mu ɗaliban harshe ma haka ya kamata mu yi: kalmar da muke gardama a kanta a aji, mu je kasuwa da zaure mu ji ta daga bakin masu ita. Allah Ya sa mu dace.