Hubert Ogunde: Ɗan Sandan Da Ya Ajiye Kaki Ya Ɗora Dandamali A Kan Babbar Mota

A shekarar 1946 wani kurtun ɗan sanda a Legas ya ajiye aikin gwamnati don ya rayu da wasan kwaikwayo kaɗai. A wancan zamani albashin gwamnati shi ne rufin asirin mai ilimin boko, masu hawa dandamali kuwa malaman makaranta ne da akawuna da 'yan ƙungiyar waƙar coci, waɗanda ke yi don sha'awa bayan an tashi daga aiki. Sunan kurtun Hubert Ogunde, shekarunsa 30 ko kusa da haka, kuma ƙungiyar da ya kafa ita ake lissafawa ta farko a Nijeriya ta zamani da ta mai da wasan kwaikwayo sana'ar ci da sha.

An haife shi a 1916 a Ososa, kusa da Ijebu-Ode, a Jihar Ogun ta yanzu. Mahaifinsa limamin coci ne, kakansa na wajen uwa kuwa masanin duba ne na addinin gargajiyar Yarbawa. Yaron ya tashi tsakanin gidajen biyu, ya sha waƙoƙin coci a nan, ya sha kiɗan ganguna da kirari da bukukuwan dodanni a can, kuma duk abin da ya yi daga baya akwai ƙanshin wuraren biyu a jikinsa. Karatunsa bai wuce na firamare ba. Ya koyar a makaranta, yana kuma kaɗa molon coci, kafin ya shiga aikin ɗan sanda a 1941.

Bayan an mai da shi Ebute Metta a Legas, sai cocin da yake zuwa ya nemi ya shirya wasa don tara kuɗin gini. Ya ɗauko labarin Adamu da Hauwa'u, ya sa masa kiɗa da rawar Yarbawa, aka nuna a zauren Glover a 1944, Dokta Nnamdi Azikiwe na shugabantar taron. Zauren ya cika, jaridu suka yaba, kurtu ya gane cewa mutane za su biya kuɗi su kalli abin da ya iya.

Da ya tsaya a kan labaran addini, da ya zauna lafiya da hukuma. Amma a 1945 ma'aikatan Nijeriya suka shiga yajin aikin gama-gari, suna neman ƙarin alawus saboda tsadar rayuwar da yaƙin duniya na biyu ya haifar. Jiragen ƙasa suka tsaya, gidajen waya suka rufe, aka shafe fiye da kwana 40 ana ja-in-ja. Ogunde ya mai da wannan yajin wasa mai suna Strike and Hunger, wato yajin aiki da yunwa, inda wani sarki baƙo yake ci yana ƙoshi, ma'aikatansa na fama da ƙarancin abinci. Babu wanda ya buƙaci a fassara masa ko wane ne sarkin. Da ya kai wasan Jos a 1946, 'yan sanda suka tsayar da shi, aka gurfanar da shi gaban kotu, aka ci shi tara. Waɗanda suka kama shi abokan aikinsa ne na jiya.

Haka ya sake faruwa bayan 'yan sandan mulkin mallaka sun bindige ma'aikatan haƙar kwal 21 a Inugu ranar 18 ga Nuwamba, 1949. Ya shirya Bread and Bullet, burodi da harsashi, ya zagaya da shi ƙasa. A Kano hukuma ta hana a nuna, aka kuma ci shi tara kan manna takardun talla ba tare da izini ba. Laifin manna takarda shi ne wanda ya shiga littafin kotu, amma kowa ya san abin da ya ɓata wa Turawa rai.

A nan ya kamata a lura da yadda sana'ar tasa take, domin a cikinta nauyin waɗannan hukunce-hukunce yake. Ogunde ba shi da tallafin gwamnati, ba shi da attajirin da ya tsaya masa. Jarinsa babbar mota ce, da janareta, da fitilu, da labule, da ganguna, da kayan sawa, da mutanen da dole a ciyar da su kullum. Za a tura ɗan aike gaba ya kama zaure ya manna talla, mota ta iso da rana tana zagaya gari da kiɗa, da dare a buɗe ƙofa a karɓi kuɗin shiga, gari na wayewa a ɗaure kaya a nufi gaba. Tafiyar fatake ce sak, sai dai hajar labari ce da rawa. Daren da aka hana wasa, an riga an sha mai, an biya zaure, an buga takardu, ga bakuna na jiran abinci. Duk wasan siyasa da ya shirya, da tukunyar gidansa ya yi caca.

Kuma ya san kasuwarsa. A 1947 ya je Landan, bayan hukuma ta so hana shi fasfo jaridu suka yi mata ca, ya koyo rawar Turawa ta buga ƙafa, ya dawo ya gauraya ta da tasa. Da ya ga masu kallo a Gana da garuruwan da ba na Yarbawa ba ba sa jin yarensa, sai ya shigo da Turancin buroka da kayan busa na zamani. Matsalar da ta fi ci masa tuwo a ƙwarya ita ce ta mata, don iyaye ba sa yarda 'ya'yansu su hau dandamali, wadda ta ƙware kuma sai aure ya ɗauke ta. Maganin da ya samo shi ne auren 'yan wasansa, har matansa suka yi yawa, ƙungiya ta koma gida guda, 'ya'ya suka tashi a cikinta. Dabarar ta riƙe kamfanin shekaru da dama, ko da yake ba a rasa masu ganin cewa ribarta ta fi karkata wajen maigida.

Gwaji mafi tsanani bai zo daga Turawa ba. Bayan samun 'yancin kai, jam'iyyar da ke mulkin Jihar Yamma ta dare biyu tsakanin Cif Obafemi Awolowo da Firimiya Samuel Ladoke Akintola, aka ɗaure Awolowo a 1963. A 1964 Ogunde ya fito da Yoruba Ronu, kira ga Yarbawa su yi tunani, labarin wani sarki da mataimakinsa ya ci amanarsa ya miƙa shi ga abokan gaba. An nuna shi a Ibadan, Akintola na zaune a zauren, ya tashi ya fita kafin a gama. Ba da daɗewa ba gwamnatinsa ta haramta wa ƙungiyar yin wasa a faɗin jihar, aka kuma daina sa waƙoƙinsa a rediyo da talabijin ɗinta. Jihar Yamma ita ce babbar kasuwarsa, an rufe masa ita kusan shekara biyu. Ya ci gaba da wasa a Legas, wadda ke hannun gwamnatin tarayya, ya mai da martani da wani wasan mai suna Otito Koro, gaskiya ɗaci gare ta, faifan waƙoƙinsa kuma suka yi ta shiga gidaje. Sai bayan juyin mulkin Janairun 1966 gwamnan soja, Laftanar Kanar Adekunle Fajuyi, ya ɗage haramcin.

Talabijin ta riga ta iso Ibadan tun 1959, Ogunde kuma bai ɗauke ta kishiya ba, ya shirya mata wasanni, ta kai fuskarsa ɗakunan da motarsa ba ta zuwa. A 1967 ya wakilci Nijeriya a bajekolin duniya na Montreal a Kanada, ya biya ta Amurka ya yi wasa a zauren Apollo na unguwar Harlem.

Yana da shekara fiye da 60 ya sake sana'a. Ola Balogun ya riga ya nuna da fim ɗin Ajani Ogun cewa Yarbawa za su cika sinima don kallon labari da yarensu, sai Ogunde ya haɗa kai da shi suka mai da wasansa Aiye fim, labarin gwagwarmayar wani mai magani da ƙungiyar mayu. Ya samu karɓuwa ƙwarai, Jaiyesinmi da Aropin N'Tenia da Ayanmo suka biyo baya. Ya gina wurin ɗaukar fim a mahaifarsa Ososa, ya kuma riƙa yawo da finafinan gari-gari kamar yadda ya yi da wasanni, mutanensa na tsaye a bakin ƙofa. Masu suka sun ce shi ya buɗe ƙofar finafinan tsafi da suka cika kasuwa daga baya, kuma akwai ƙamshin gaskiya a zancen. Faɗuwar darajar naira daga 1986 ta sa yin fim irin na majigi, wanda sai an kai waje a wanke, ya gagari yawancin masu sana'ar.

A wannan shekarar ce gwamnatin tarayya ta kira mutumin da hukumomi suka sha hanawa, ta ɗora masa aikin kafa ƙungiyar wasanni ta ƙasa, ya zagaya jihohi yana zaɓo makaɗa da maraya.

Aikinsa na ƙarshe ya dawo da shi Arewa. An zo yankin Jos ɗaukar fim ɗin Mister Johnson, wanda Bruce Beresford ya ba da umarni, Pierce Brosnan na cikin taurarinsa. An ciro labarin daga littafin Joyce Cary, Baturen da ya yi aikin mulki a Borgu, kan wani akawu ɗan Kudu da ke aiki a wata ƙaramar barikin Arewa. Ogunde ya fito a matsayin Brimah. Rashin lafiya ta kama shi a wannan lokaci, aka kai shi asibitin Cromwell a Landan, inda ya rasu ranar 4 ga Afrilu, 1990, kafin fim ɗin ya fito. Gidansa na Ososa yanzu gidan tarihi ne, an adana kayan sawarsa da gangunansa a ciki.