DOKTA BYANG KATO (1936-1975): YARON KWOI DA ALHERI YA KAMA

A wannan mako za mu tuna da wani bawan Allah daga jiharmu ta Kaduna, wato Dokta Byang Henry Kato.

An haife shi a Kwoi, ƙasar Jaba, a 1936. Tun yana ƙarami aka keɓe shi domin ya gaji hidimar tsafi, aka koya masa abin da ake yi da abin da ba a yi. Ya tashi da sanin cewa wanda ya kuskure doka ɗaya, fushin dodo yana kansa.

Yana ɗan shekara 12, a makarantar mishan ta SIM, ya ji labarin Nuhu da jirgi. Ya ga cewa waɗanda suka tsira daga ruwan tufana, shiga jirgin da Allah ya tanada ne ya cece su. Nan ya ba da gaskiya ga Yesu, aka yi masa baftisma a 1948. Mahaifinsa ya husata ƙwarai, yaron ya sha duka da horon yunwa, amma bai juya baya ba.

Duk da haka, bayan 'yan shekaru zuciyarsa ta yi sanyi. Sai a lokacin falkaswa da aka yi a Kwoi a 1953 ya tuba, ya miƙa kansa ga aikin Ubangiji. Mu lura a nan. Yaron da ya jimre duka saboda sunan Yesu, shi ne kuma ya yi sanyi. Ashe jimirinsa bai isa ya riƙe shi ba. Alherin da ya kira shi tun farko, shi ya sake ɗaga shi.

Ya yi karatu a Kwalejin Littafi Mai Tsarki ta Igbaja, sannan a London. A 1967 ya zama Babban Sakataren ECWA, yaƙin basasa kuwa ya ɓarke a wannan shekara. Daga baya ya tafi Dallas a Amurka, inda ya sami digirin dokta a ilimin tauhidi. A 1973 aka zaɓe shi Babban Sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska, mai ofis a Nairobi. Ya yi jawabi a babban taron bishara na Lausanne a 1974.

Koyarwarsa ba ta da kwana-kwana. Ceto ta wurin Yesu Almasihu ne kaɗai, al'adar kakanni ba ta iya ba da shi. Haka kuma ya nace cewa bishara ta zauna cikin harsunanmu, waƙoƙinmu da tufafinmu, gama zama Kirista ba zama Bature ba ne. Manzo Bulus ya koya wa Galatiyawa da Afisawa wannan gaskiya: ceto kyauta ce, ayyukan kirki kuwa 'ya'yanta ne.

A Disamba 1975 ruwa ya ci shi a bakin teku kusa da Mombasa, ƙasar Kenya, yana da shekara 39.

To, ina muka tsaya yau, mu da ke sujada a Kawo, Malali da Unguwar Rimi? Muna da katin zakka, muna da dokar ɗankwali, muna da bencin baya domin waɗanda ke ƙarƙashin horo. Tsari yana da kyau, horo kuma yana cikin Littafi Mai Tsarki. Amma idan yarinyar da ta faɗi ta gama watanninta a bencin baya ba tare da wani dattijo ko uwa daga Zumuntar Mata ya ziyarce ta ya tuna mata cewa jinin Yesu ya isa ba, mun mai da ita cikin irin tsoron da Byang ya baro a Kwoi. Wadda ta yi sanyi yau, wa ya san abin da Ubangiji zai yi da ita gobe?

Bari Ubangiji ya taimake mu mu riƙe tsarki, mu kuma buɗe ƙofar jirgi ga mai tuba. Amin.