Lucy Wills: Likitar da ta gano sirrin ƙwayar awon ciki

Mai juna biyun da ta samu zuwa awo, daga Damari har cikin garin Birnin Gwari, akan sallame ta da ƙwayoyin ƙarin jini, ciki har da folic acid. Tarihin wannan 'yar ƙwaya ya faro ne daga wata likita 'yar Ingila, Lucy Wills.

An haife ta ranar 10 ga Mayun 1888 kusa da Birmingham, ta zama likita a 1920. A 1928 ta tafi Bombay, wato Mumbai ta yanzu a Indiya, inda wani irin ƙarancin jini ke kashe masu ciki, musamman matalauta masu aiki a masaƙu.

Da farko ta nemi ƙwayar cuta, ba ta samu ba, sai ta koma kan abin da matan ke ci. Ta gwada ba su Marmite, wani abinci mai araha da ake yi da yis, jininsu ya dawo. Ta wallafa sakamakon a 1931, kuma a 1941 wasu masana suka tace sinadarin daga ganyen alayyafo.

Daga baya aka gano yana rage haɗarin haihuwar jariri da tawayar laka ko ƙwaƙwalwa, muddin aka fara sha tun kafin ciki ya shiga. Barasa kuwa tana hana jiki amfana da shi, kuma ƙwayar ba ta goge illar da barasa ke yi wa ɗan tayi.

Wills ta rasu a 1964 tana da shekara 75.