Alfred Wegener, Bajamushen Da Ya Ce Nahiyoyi Suna Tafiya

Duk wanda ya tashi daga Sangere zai shiga Jimeta sai ya ƙetare gadar Binuwai. Amma ba kowa ya san cewa kwarin da kogin nan ya ke bi tsohuwar tsaga ce ba, wadda ta buɗe fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, sa'ad da Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu. Mutumin da ya shahara wajen tsayawa da hujja a kan rabuwar nan shi ne Alfred Wegener.

An haife shi a Berlin ran 1 ga Nuwamba, 1880. Ilmin taurari ya karanta, amma binciken yanayi ya zama sana'arsa, har ya kai shi tsibirin Girinlan mai ƙanƙara a 1906. Wajen 1910 ya lura a taswira cewa gaɓar Brazil da ta Afirka ta Yamma sun dace kamar sakaina biyu na ƙwarya ɗaya. Bai tsaya ga ganin ido ba. Ya gano cewa duwatsun ɓangarorin biyu iri ɗaya ne, kuma an tono ƙasusuwan wata tsohuwar dabba mai kama da kada a Brazil da kudancin Afirka, alhali ba ta iya ƙetare teku.

Ran 6 ga Janairu, 1912, ya gaya wa taron masana a Frankfurt cewa dā nahiyoyi a haɗe su ke, daga baya suka tsage, kowace ta kama hanyarta. Da aka yi masa rauni a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai ya yi amfani da zaman jinya ya rubuta littafinsa, wanda ya fito a 1915.

To, sai masana duwatsu suka yi masa ca. Wasu suka ce mai duban gajimare ba shi da ta cewa a sha'anin dutse. Wasu kuwa suka tambayi abin da ke tura nahiya sukutum, kuma a nan gaskiyarsu ce, domin amsar da ya bayar ba ta gamsar ba. Duk da haka bai janye ba, ya yi ta gyara littafin har bugu na huɗu a 1929.

A 1930 ya koma Girinlan. Da ya ga guzurin mutanensa da ke tsakiyar ƙanƙara zai kasa, shi da kansa ya bi su. Ya juyo ran da ya cika shekara 50, tare da wani saurayi, Rasmus Villumsen, amma ba su iso ba. A watan Mayu na 1931 aka sami gawarsa, ta saurayin kuwa ba a gan ta ba.

Sai bayan 1960, da aka auna ƙarƙashin teku, aka tarar dutse mai zafi yana ɓullowa a tsakiyar Atlantika yana tura ɓangarorin biyu. Ashe ɓawon duniya fale-fale ne manya, masu motsi santimita kaɗan a shekara, kamar tsiron farce. Inda biyu suka gogi juna nan girgizar ƙasa ta fi yawa, kamar Japan da Turkiyya. Nijeriya tana nesa da bakin falenta, shi ya sa tata girgizar ƙanana ce, irin ta Mpape a Abuja a 2018.

Tsagar Binuwai dai ba ta ƙarasa zama teku ba. Amma ruwan teku ya taɓa shigarta, kuma dutsen da a ke yin siminti da shi a Ashaka yana ɗauke da ɓawon halittun ruwa na wancan zamani. Wegener bai ga ranar da aka yarda da shi ba, amma shaidarsa tana nan a ƙasar da mutanen Sangere ke nomawa.