Gunpei Yokoi: Mai Gyaran Injin Karta Da Ya Ƙera Game Boy

A watan Disamba na 2008, lokacin da tattalin arzikin duniya ya shiga halin ni-'yasu, kamfanin Sony na ƙasar Japan ya ba da sanarwar zai sallami ma'aikata 16,000, rabi na dindindin, rabi 'yan kwantiragi, zai kuma rufe wasu masana'antunsa. Babban ciwon yana ɓangaren talabijin da sauran kayan lantarki, ga kuma darajar yen da ta hau ta sa kayan Japan tsada a waje. Amma PlayStation 3 ma ba ta taimaka ba. Ta fito a 2006 a kan dala 499 da 599, kuma duk da wannan tsadar, faɗuwa kamfanin yake yi a kan kowace ɗaya da ya sayar. A shekarar kuɗin da ta ƙare a Maris 2009, Sony ya yi asarar kusan yen biliyan 99. A daidai wannan shekarar Nintendo ya ci ribar da bai taɓa cin irinta ba, yen biliyan 279, da na'urar hannu ta DS da kuma Wii ta dala 250, wadda in ka buɗe cikinta kusan tsohuwar GameCube ce aka ɗan ƙara wa ƙarfi. Mutumin da ya koya wa Nintendo wannan salon a lokacin ya shekara 11 da mutuwa. Sunansa Gunpei Yokoi.

An haife shi a Kyoto ranar 10 ga Satumba, 1941. Ya karanta fannin lantarki a jami'ar Doshisha da ke garin nasu, kuma ba ya cikin masu ɗaukar na ɗaya. Sakamakonsa bai yi kyau ba, manyan kamfanonin lantarki da ya nema duk ba su ɗauke shi ba. Mu da muke shekarar ƙarshe muna lissafin maki da daddare, wannan wurin ya kamata mu ɗan gyara zama. A 1965 ya samu aiki a wani kamfanin karta mai suna Nintendo, wanda tun 1889 yake buga katin wasa. Aikin da aka ba shi kula da injinan da ke buga katin ne: in sun tsaya ya gyara, in suna tafiya ya zauna.

Zaman ya yi yawa, shi kuma mai ƙaiƙayin hannu ne. Sai ya riƙa ƙera 'yan kayan wasa da kayan aikin kamfani don kashe lokaci. A 1966 shugaban kamfanin, Hiroshi Yamauchi, ya gan shi da wani hannu na sanduna da aka gicciya, in ka matse ƙarshensa sai ya miƙe ya cafko abu daga nesa. Da aka ce shugaba na kira, ya ɗauka faɗa za a yi masa. Ashe umarni ne: ya mayar da abin nan haja kafin kasuwar ƙarshen shekara. Aka sa masa suna Ultra Hand, ya sayu fiye da miliyan ɗaya. Kamfanin a lokacin yana neman mafita ido rufe, domin kasuwar karta ta ja baya, har tasi da shinkafar dafa-nan-take Yamauchi ya gwada ba su yi ba. Daga ranar Yokoi ya bar ɗakin inji.

Abubuwan da ya yi bayan nan suna da yawa, wasu ma abin dariya, kamar Love Tester ta 1969, wadda saurayi da budurwa za su riƙe waya su kama hannu, allura ta nuna wai yawan soyayyarsu. Mita ce kawai mai auna yadda wuta ke ratsa jiki, irin wadda ɗan shekarar farko zai haɗa a ɗakin gwaji. Mai muhimmancin ita ce bindigar haske. Wani ma'aikacin Sharp, Masayuki Uemura, ya zo tallar ƙwayoyin sola, sai Yokoi ya ga ai abin da ke jin hasken rana zai ji hasken da aka harbo daga bakin bindigar roba. Uemura daga baya ya koma Nintendo, shi ne ya jagoranci ƙera Famicom.

Bindigar nan ta kusa kashe kamfanin. A 1973 aka faɗaɗa ta zuwa Laser Clay, filin harbi da haske da ake kafawa a manyan zaurukan wasan bolin da jama'a suka daina zuwa. Oda ta yi ta shigowa, Nintendo ya zuba kuɗi. Kafin shekara ta ƙare rikicin man fetur ya ɓarke, farashin mai ya yi tashin gwauron zabo, masu oda suka janye. Kamfanin ya kwana cikin bashin da ya ɗauki shekaru yana biya. A ganina duk wanda yake son ya gane taurin kan Yokoi a kan arha, to ya dubi wannan shekarar. Ya ga da idonsa yadda babban abu mai tsada yake zama kaya a ka da zarar aljihun mutane ya bushe.

Abin da ya fitar da su kalkuleta ce. Kamar yadda shi kansa ya ba da labari, a jirgin ƙasa ya ga wani ma'aikaci ya gaji da zama yana ta danne-dannen kalkuleta don ya rage lokaci. Ya ce a ransa, me zai hana a yi ƙaramin wasa da babba zai ɓoye a tafin hannu? Damar faɗa wa shugaba ta zo ne ranar da direban Yamauchi bai da lafiya aka ce Yokoi ya tuƙa shi, kuma a taron da ya kai shi akwai shugaban Sharp. A shekarun nan Sharp da Casio sun yi ta yaƙin farashin kalkuleta har allon LCD da 'yan ƙwaƙwalwar cikinsa suka zama kamar gyaɗa a kasuwa. Abin da masu kalkuleta suke gani ya tsufa, shi ya ɗauka. A Afrilu 1980 Game & Watch ta fito: wasa ɗaya, agogo a kusurwa, batir ƙanana irin na agogon hannu. Aka yi kusan iri 60, aka sayar da miliyan 43 da 'yan kai, bashi ya tafi.

Wannan ita ce aƙidarsa ta aiki, kuma ya sha bayyana ta: kada ka bi fasahar da ta fito jiya, mai tsada, wadda ba a gama sanin halinta ba. Nemi wadda ta nuna, ta yi arha, an san duk cututtukanta, sannan ka ba ta aikin da ba wanda ya taɓa tunanin ba ta. A kan Game & Watch ɗin Donkey Kong ta 1982 ya sa maɓallin nan mai siffar alamar tarawa, sama, ƙasa, hagu, dama, saboda sandar tuƙi ba za ta bari a ninke na'urar a sa a aljihu ba. Duk wanda ya taɓa riƙe fad a gidan gem, babban yatsansa na hagu ya san wannan maɓalli ko da bai san mai shi ba. Shi ne kuma ya kula da wani matashi mai zane, Shigeru Miyamoto, lokacin da yake haɗa Donkey Kong na farko a 1981.

A 1983 kasuwar wasan bidiyo ta ruguje a Amurka. Atari ya yi asarar fiye da dala miliyan 500 a shekara ɗaya, ya sallami ma'aikata 1,700 a tashi guda, ya mayar da ƙira Hong Kong da Taiwan, har kaset ɗin da suka ƙi sayuwa ya binne a jihar New Mexico. Masu shaguna suka ce ba su ba gem. Da Nintendo zai shiga Amurka a 1985, sashen Yokoi ne ya ƙera ɗan mutum-mutumin R.O.B. da aka haɗa da na'urar, don masu shago su karɓe ta a matsayin kayan wasan yara. Mutum-mutumin kansa wasa biyu kacal aka yi masa. Aikinsa buɗe ƙofa ne, kuma ya buɗe.

Yanzu ga inda labarin ya fi daɗi. Ranar 21 ga Afrilu, 1989, Game Boy ta fito a Japan a kan yen 12,500. Allonta ba kala, launi huɗu ne daga kore-kore zuwa duhu, ɗigo 160 a kwance 144 a tsaye, ba fitila a baya, in dare ya yi sai ka nemi haske. Ƙwaƙwalwarta ta Sharp ce mai bit 8, zuriyar waɗanda aka yi tun shekarun 1970. Ko a cikin Nintendo akwai masu yi mata dariya. Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: ba shi kaɗai ya yi ta ba. Mataimakinsa Satoru Okada ne ya dage a yi ta kamar ƙaramar Famicom mai karɓar manyan wasanni iri-iri, kuma sun yi ta sa-in-sa a kan haka. Amma ƙin allon kala na Yokoi ne, kuma a kan wannan aka yi yaƙin.

A shekarar nan Atari ya fito da Lynx mai kala a kan kusan dala 180, ninkin kuɗin Game Boy da ke dala 90 a Amurka. A 1990 Sega ya biyo da Game Gear, ita ma mai kala, wadda ta isa Amurka a kan dala 150, yana talla yana yi wa allon Nintendo ba'a. Matsalar ita ce allon kala na wancan zamani sai da doguwar fitila a bayansa, fitilar kuwa cin wuta take kamar ba gobe. Game Gear batir shida take sha cikin awa uku zuwa biyar. Game Boy batir huɗu, ta yi awa 15 ko fiye. Ku yi lissafin da kanku: ɗaya tana cin batir ɗaya da rabi a awa, ɗayar kuma ba ta kai sulusi ba, wato ninki biyar da ɗoriya. Uban da ke sayen batir ya san wannan lissafi ko bai je Poli ba. Mu da muka tashi muna dafa batir a rana don rediyo ta ƙara kwana ɗaya, ba ma bukatar dogon bayani.

Sai kuma Tetris, wasan jera bulo da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko, wanda aka haɗa cikin kwalin Game Boy a Amurka. Wasa ne da kala ba ta ƙara masa komai, kuma uba da uwa ma suna yi. Ɗan gem ɗin bulo na roba da aka yi ta saya wa yara a kasuwanninmu jikan wannan haɗin ne. Ga ta kuma da ƙarfin hali: wata da ta ƙone a barikin soja a yaƙin Gulf na 1991 ta ci gaba da aiki, har aka ajiye ta a shagon Nintendo na New York ana kallo. Game Gear ta tsaya a wajen miliyan 10 da ɗoriya. Game Boy da ƙanwarta mai kala ta 1998 sun haura miliyan 118.

Ba kullum ake kwana a gado ba. A ƙarshen 1994 Sega ya fitar da Saturn, Sony ya shigo fagen da PlayStation, ita kuwa Nintendo 64 ba ta shirya ba. Yokoi yana aiki a kan wata na'ura da za ka cusa fuska a ciki ka ga hoto mai zurfi, da fasahar wani kamfanin Amurka, Reflection Technology. Kowane ido yana da layi ɗaya na 'yan fitilun LED 224, sai madubi mai kaɗawa da sauri ya baza layin ya zama cikakken hoto. Dabarar wallahi ta burge. An zaɓi ja ne don shi ya fi arha da ƙarancin cin wuta, sai komai ya zama ja da baƙi. Na'urar ta yi nauyin da ba a ɗaura ta a ka, dole a kafa ta a tebur ka sunkuya. Ga ciwon kai da gajiyar ido, ga gargaɗi a kwali da ya tsorata iyaye. Kamfani ya hanzarta fitar da ita a Yuli 1995 don ya cike giɓi. Virtual Boy ta sayu kusan 770,000, wasanni 22 kawai aka yi mata, kafin shekara ta zagayo an rufe babinta.

Wasu suna cewa aƙidarsa ce ta gaza a nan. Ni ina ganin saɓa mata aka yi. LED tsohon abu ne, gaskiya, amma madubi mai kaɗawa a gaban idon yaro ba a san halinsa ba tukuna, kuma na'urar da ba ta shiga aljihu, ba a kallonta mutum biyu, ta rabu da duk abin da ya sa aka so Game Boy.

Ya bar Nintendo ranar 15 ga Agusta, 1996, bayan shekara 31. Jama'a suka ce kora ce cikin mutunci. Shi ya musanta, ya bayyana cewa tun da daɗewa yake da niyyar ajiye aiki a kusa da shekara 50 ya koma ƙirƙirar ƙananan abubuwa yadda yake so. Kafin ya fita sai da ya kammala Game Boy Pocket, wadda ta zo daidai da tashen Pokémon, na'urar da ake ce wa ta tsufa ta sake sabon rai. Ya kafa ɗan kamfaninsa, Koto, a Kyoto, ya shiga aiki da Bandai a kan sabuwar na'urar hannu da za ta kara da wadda ya ƙera da hannunsa.

Bai ga fitowarta ba. Ranar 4 ga Oktoba, 1997, motar da yake ciki ta bugi wata babbar mota a kan babbar hanyar Hokuriku, a lardin Ishikawa. Ya fito duba ɓarna, wata motar da ke tahowa ta buge shi. Ya mutu a asibiti a ranar, yana da shekara 56. Bandai ya fitar da WonderSwan a Maris 1999 a kan yen 4,800, allonta fari da baƙi, tana aiki da batir guda ɗaya tak, kuma cikin wasannin da suka fito tare da ita akwai wanda aka sa wa suna Gunpey.