Robert Schumann: Makaɗin da Ciwon Yatsa Ya Damƙa wa Alƙalami

An haifi Robert Schumann ran 8 ga watan Yuni, 1810, a garin Zwickau da ke gabashin Jamus. Mahaifinsa mai buga littattafai ne da sayar da su, saboda haka yaron ya tashi cikin takardu, ya kuma daɗe yana waswasi tsakanin zama marubuci da zama makaɗi. Da uban ya rasu cikin 1826, sai uwar ta ga kiɗa ba sana'ar dogaro ba ce, aka tura shi Jami'ar Leipzig cikin 1828 don ya karanta shari'a, daga nan ya wuce Heidelberg. Karatun bai shige shi ba. Cikin 1830 ya shawo kan uwar, ya komo Leipzig gidan wani malamin fiyano, Friedrich Wieck, da nufin zama gwanin kaɗa ta.

Nufin nan bai cika ba, domin wajen 1832 wani yatsan hannunsa na dama ya sage. Ana danganta abin da wata na'ura da ya riƙa ɗaurawa don ƙarfafa yatsu. To, a Turai mai tsara kiɗa daban yake da mai kaɗawa: shi mai tsarawa rubuta sautin yake yi a takarda da wasu alamomi, wani ya duba ya kaɗa. Wannan ƙofa ita ta rage wa Schumann, tare da ta biyu wadda ya gada daga gida, watau rubutu.

Tun cikin 1831 ya riga ya gwada alƙalaminsa, inda ya yi sharhi a kan aikin wani saurayi ɗan Folan, Chopin, wanda Jamusawa ba su san shi sosai ba, ya shelanta cewa ga haziƙi ya bayyana. Cikin 1834 shi da abokansa suka kafa mujallar Neue Zeitschrift für Musik, wato sabuwar mujallar kiɗa, ya riƙe ta har 1844. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne yadda mutane suka raja'a ga makaɗan da ba su da komai sai saurin yatsu, su kuwa masu sharhi sai yabon kowa suke yi don gudun ɓacin rai.

Dabarar da ya ɓullo da ita ta cancanci mai nazarin adabi ya dube ta da kyau. Maimakon ya yanke hukunci da baki ɗaya, sai ya ƙirƙiri mutane biyu, Florestan mai zafin rai da Eusebius mai sanyin hali da zurfin tunani, ya sa su yi ta muhawara a kan aiki guda. Dukkansu kuwa shi ne. Ta haka mai karatu kan ga yadda hukunci ke ƙulluwa, ba a miƙo masa shi dafaffe ba. Mutanen nan biyu har cikin kiɗansa suka bi shi, don kowannensu yana da nasa yanki a cikin Carnaval. Ba za a ce bai taɓa wuce gona da iri ba. Sukar da ya yi wa Meyerbeer cikin 1837 ta fi kama da faɗa. Amma galibi alƙalaminsa na ɗaga wasu ne. Da ya ziyarci Vienna, shi ya tono wani babban simfoni na Schubert, watau dogon kiɗan taron makaɗa, a hannun ɗan'uwan mamacin, ya aika Leipzig, inda Mendelssohn ya jagoranci kaɗa shi cikin 1839.

A gidan Wieck akwai 'ya mai suna Clara, wadda ta shahara wajen fiyano tun tana ƙarama. Uban ya ƙi auren ƙememe, sai da kotu ta shiga tsakani, aka ɗaura ran 12 ga Satumba, 1840. A shekarar nan kaɗai Schumann ya tsara waƙoƙi fiye da 130, ciki har da Dichterliebe, wadda ya ɗora bisa baitocin Heine. Simfoninsa na farko ya biyo baya cikin 1841.

Cikin 1850 aka naɗa shi shugaban kiɗa na birnin Düsseldorf. Aikin bai karɓe shi ba, domin mutum ne mai yawan shiru, makaɗan da ke ƙarƙashinsa kuwa suna bukatar mai tsawatawa. Ana cikin wannan tsamin dangantaka, cikin 1853, wani saurayi ɗan shekara 20 daga Hamburg, Johannes Brahms, ya yi sallama gidansa da 'yan takardunsa. Schumann ya saurare shi, ya ɗauki alƙalamin da ya ajiye kusan shekara goma, ya rubuta maƙala mai suna Neue Bahnen, ma'ana sababbin hanyoyi, ya gabatar da yaron ga duniya kamar yadda ya yi wa Chopin shekara 22 da suka gabata.

Bayan 'yan watanni ciwon taɓin hankali da ya daɗe yana damunsa ya tsananta. Ran 27 ga Fabrairu, 1854, ya faɗa Kogin Rhine, masu kwalekwale suka tsamo shi. Shi da kansa ya nemi a kai shi gidan jinya, aka kai shi Endenich kusa da Bonn, inda ya rasu ran 29 ga Yuli, 1856, yana da shekara 46. Clara ta rayu har 1896, tana yawon biranen Turai tana kaɗa ayyukan mijinta, da abin da ta samu ta riƙe 'ya'yansu.